Jinin Gidan Wanzami

Likita Girgis ya ɗaga takardar gwajin ya ce jininta ya sauko zuwa goma. Bahiyya ba ta tambaye shi ko goman mene ne ba, don jikinta ya riga takardar faɗa mata. Matar da a da take ɗauko ƙunshin rake a ka tun daga gona har bakin titi ba ta sauke ba, yau matakalar asibitin nan sai da ta zauna a tsakiyarta tana haki, kunnuwanta na ƙugi, masu wucewa na yi mata sannu.

"Ƙwayoyin ne ke farfasa miki jini, Ummu Zaglul," in ji shi. "Allurar mako tana nan yadda take, amma ƙwaya biyar ɗin da kike sha a rana za ki mayar da su uku."

"Ita cutar fa? An rage mata ƙarfi ne ita ma?"

"Cutar ta kwanta, gwajin baya bai gan ta ba. Amma in muka tsayar da magani kafin shekarar ta cika, tashi za ta yi, wahalar da kika sha duk ta tafi a banza. Ki bi ni a hankali. In jinin nan ya faɗi ƙasa da takwas da rabi, dole in tsayar, ko kin so ko kin ƙi."

"Zan ci hanta. Zan sha baƙar zumar rake."

"Ki ci don daɗin bakinki. Wannan ƙarancin jinin ba a tukunya ake gyara shi ba."

Ta ce to. Irin "to" ɗin nan ce da matan ƙauyenmu ke yi wa likita da dagaci da miji, wadda ba ta taɓa ɗaure kowa ba.

Ciwon hanta ba baƙo ba ne a Kom Sabra, kuma babu wanda bai san ƙofar da ya shigo ba. Lokacin da Bahiyya ke yarinya, tsargiya ta addabi duk mai shiga ƙoramar ban-ruwa, yara maza suna fitsarin jini har iyaye na ɗauka alamar girma ce. Sai aka aiko da maganin allura daga birni, aka ɗauki Fahim wanzami ya taya ma'aikata. A gindin ɓauren bakin masallaci ake jera mutane, kowa da hannu a miƙe. Fahim ya tsikari wannan, ya tsoma allurar a kwanon ruwa, ya tsikari na gaba, haka har layi ya ƙare. Ma'aikatan suka gama suka tafi, allurar ta zauna a hannun Fahim. Zazzaɓi, allura. Ciwon baya, allura. Ga kaciya, ga ƙaho, ga aski, duk da kayan aiki ɗaya. Aka daina ce masa wanzami aka koma ce masa Dakta. Ya gina gida mai bene, ya je Makka, aka zana masa jirgin sama da Ka'aba a bangon gida kamar yadda ake yi wa duk wanda ya sauke farali.

Tsargiya ta tafi. Bayan shekaru sai idanun mutane suka fara yin rawaya, cikkuna suka fara kumbura.

Abdurradi, mijin Bahiyya, shi ya cika shekara biyu yanzu a ƙasa. Ita ta riƙe masa kwano ranar da ya yi aman jini har ya cika shi, ta zubar ta dawo ya sake cikawa. A zaman makoki Fahim ya zo ya zauna a sahun gaba, ya sha gahawa, ya girgiza kai yana cewa zamanin nan na da ai babu wanda ya san komai. Maza suka amsa masa da cewa haka ne, Dakta, wa ya sani? Maganar ta zama kamar addu'a a garin, duk wanda aka binne sai an karanta masa ita.

Bahiyya ba ta karanta ba. Ita mace ce mai lura da ƙofofin mutane. Ta duba layinsu, ta duba layin bayan masallaci, ta duba har unguwar masu jiragen ruwa, ba ta ga gidan da ciwon bai taɓa ba sai guda ɗaya. 'Ya'yan Fahim shida, da jikokinsa, babu mai rawayan ido ko ɗaya. In ta faɗa sai a ce mata ikon Allah ne, ta ji tsoron Allah. Ta daina faɗa, amma ta rantse a ranta ba za ta shiga kabari ba sai ta ji Fahim ya faɗa da bakinsa cewa ya sani. Wannan ne ya kai ta layin magani da aka ce ita ma tana da cutar, ba son duniya ba. So take ta rayu ta ga ranar.

Shi ya sa maganar rage ƙwaya ta tsaya mata a wuya. A lissafinta, mai yaƙi ba ya rage harsashi don kafaɗarsa ta yi tsami. Wata maƙwabciyarta da ta kasa jure maganin ta watsar, sai Bahiyya ta je ta karɓo ragowar ƙwayoyinta, ta ci gaba da shan biyar ɗinta cif. Jini kuwa, ta ce, tun kaka da kakanni a tukunya ake mayar da shi, likita yaro ne. Da safe baƙar zumar rake da niƙaƙƙen riɗi, ta dangwala da gurasa tana yamutsa fuska, don maganin ya sa komai ɗanɗanon ƙarfe yake mata. Da rana miyar lalo da romon tantabara. Ɗanta Zaglul, wanda shi kaɗai ne namijin da ya rage mata, duk ranar kasuwa sai ya ƙullo mata hanta a takarda.

"Umma, uku dai kike sha ko?" ya tambaye ta wata rana, yana kallon leɓenta da ya yi fari fat.

"Kai ne likitan ko shi?"

"Na ga kina dafa bango ne."

"Bangon ubanka ne, in ban dafa shi ba na wa zan dafa? Tafi ka ba ɓaunar nomanmu ruwa."

Hanyar tashar mota ta ƙofar gidan Fahim ta bi, babu wata. Duk ranar allura sai ta wuce ta gabansa, yana zaune a dakali da farar jallabiya da carbi, ya tsufa amma jikinsa sumul. Kafin ta iso kwanar takan tsaya ta huta sosai, ta ciji leɓe don ya yi ja, sannan ta wuce a miƙe kamar ba abin da ke damunta. Ran nan ƙafa ta ci amanarta. Daidai ƙarƙashin jirgin saman da aka zana, duniya ta juya mata, ta kama bangon.

"Subhanallahi, Ummu Zaglul!" Fahim ya miƙe. "Jinin ne ya yi ƙasa. Da ganin idonki na sani. Shigo ki zauna, akwai wata allurar ƙarin jini da nake da ita, guda uku kacal za ki miƙe."

Ta dube shi tun daga rawani har takalmi. Da za a iya kashe mutum da kallo, da ranar an yi jana'iza.

"Ta farkon da ka yi min ban gama warkewa ba, wanzami."

"Haba, baiwar Allah. Har yanzu? Abin da ya wuce shekara arba'in, zamanin da babu wanda ya san..."

"Ajiye ta. Akwai wanda za a binne a unguwar masu jirgi da la'asar, sai ka karanta musu a can."

Ta saki bangon ta wuce. Sai da ta sha kwana sannan ta durƙusa a gefen hanya, zuciyarta na dukan ƙirji kamar za ta fasa shi ta fito.

Garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Wata safiya tana gaban tanderu tana jefa gurasa, ta sunkuya ɗauko wani curin ƙullu, shi ke nan ba ta sake sanin inda take ba. Ta farka a gadon asibitin birni, an sa mata robar iska a hanci, Likita Girgis na tsaye a kanta da jakar ƙwayoyin da Zaglul ya tono daga ƙarƙashin katifa.

"Shida da rabi," ya ce. Bai ɗaga murya ba, amma kunnuwansa sun yi ja. "Na ce uku kin sha biyar. Cutar kike so ki kashe ko kanki?"

"Duk wanda ya riga faɗuwa."

"To ke ce kika riga. Na tsayar da ƙwaya daga yau. In an sa miki jini leda biyu cikin kwanakin nan, zuciyarki ta huta, zan mayar da ke kan magani kaɗan kaɗan mu ƙarasa watannin da suka rage. In aka daɗe, ba ni da abin yi, sai dai mu rufe maganar."

Dokar ɗakin ajiyar jini kowa ya san ta: ba a ba ka leda sai ka kawo wanda zai zuba wata a madadinta, kuma sai an gwada shi tukuna. Zaglul ya naɗe hannun riga tun kafin likita ya rufe baki. Baffansa Hilal, ƙanin marigayi, ya cika a-kori-kura da maza daga ƙauye, 'yan'uwa da maƙwabta, suna tafe suna zolayar juna a kan wanda zai suma da ganin allura. Aka ɗibi kaɗan kaɗan a jikin kowa, aka ce su dawo washegari.

Washegari ba a yi zolaya ba. Ɗaya bayan ɗaya aka kira su ciki, ɗaya bayan ɗaya suka fito suna kallon ƙasa. Wanda bai da cutar hanta, an ce ya tsufa ko hawan jini ya hana. Mutum ɗaya ma ba a samu ba.

Zaglul ne ya shigo wurinta a ƙarshe. Ya zauna a bakin gado yana murza hularsa.

"An samu?" ta ce.

"Ana nema, Umma."

"Naka fa?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Zaglul. Naka fa?"

"Sun ce in je in ga Likita Girgis. Wai ni ma in yi layi."

Bahiyya ta rufe ido. Yaron nan ba a haife shi ba lokacin layin gindin ɓaure. Amma wa ya yi masa kaciya? Wa ya yi masa allura duk lokacin da jikinsa ya yi zafi? Ba ta yi kuka ba, jikinta ba shi da ruwan da zai bayar. Wata irin ƙiyayya ce ta taso mata, mai sanyi, wadda ta fi duk ta shekarun baya, har ta ji kamar an ƙara mata jinin ba tare da leda ba.

Ranar Juma'a liman ya yi shela bayan salla cewa Ummu Zaglul na neman jini. Fahim ya miƙe a sahun gaba ya ce shi zai kai ɗansa Sarwat, malamin makaranta, da ƙanin Sarwat ɗin, don Allah da Annabi, ba don an kyauta masa ba. Masallaci ya ɗauki kabbara. Aka gwada su, jininsu tas, kamar yadda Bahiyya ta san zai kasance. Ranar ɗiba Fahim bai bari 'ya'yan su zo su kaɗai ba. Ya zo da rawaninsa da sandarsa, da liman da dagaci a bayansa, don alheri irin wannan ai ba ya son a yi shi babu shaida.

"Gara in mutu," in ji Bahiyya da aka faɗa mata.

"Umma, ba nasu za a sa miki ba," Zaglul ya ce. "Nasu ajiyewa za a yi, a ba ki na wani."

"Sunan wa za a kira a gari? Ya kashe min miji, ya zuba maka ciwo, sannan in rayu da sadakarsa, duk inda na wuce a ce ga wadda Dakta ya ceta? Ka ce su koma."

Hilal ya matso. "Matar yaya, in kin mutu yau, Fahim za a sa a gaba ya yi miki salla. Kin fi son haka?"

Wannan ta shige ta. Ta daɗe tana kallon rufin ɗakin, tana jin numfashinta na fita guntu-guntu.

"Ku kai ni in gani," ta ce. "In za a huda ɗan Fahim, ba za a yi a bayan idona ba."

Aka ɗora ta a keken marasa lafiya, Zaglul ya tura ta har ƙofar ɗakin ɗibar jini. Ɗakin ya cika da mutanen Kom Sabra, waɗanda aka kora jiya da shekaranjiya duk sun dawo kallo. Sarwat na kwance a kan gado, mutum mai kunya, ya ɗaga kai ya ce, "Sannu, Inna, Allah ya ba ki lafiya." Ta zuba wa hannunsa ido. Fahim na tsaye a kansa yana yi wa liman bayanin jijiyar da ta fi kyau a huda.

Nas ɗin wata yarinya ce mai sauri, aiki ya yi mata yawa. Ta riga ta yage takardar allurar a can kan tebur, ta bayan mutane, ta taho da ita a hannu da leda a rataye. Ta ɗaure wa Sarwat dantse, ta shafa auduga, ta sunkuya.

Hannun Fahim ya cafke nata a sama.

"Tsaya! Ina kika ɗauko wannan?"

"Sabuwa ce, Baba. Yanzu na buɗe."

"Ban ga an buɗe ba."

"Wallahi yanzu na..."

"Ki jefar, ki ɗauko wata ki yage a gabana!" Sandar ta faɗi ƙasa bai kula ba. "Kin san hannun wa ta taɓa? Ni tun da nake, ƙarfen da ya shiga jikin wani bai taɓa shiga jikin ɗana ba. Tasu daban take, a gwangwani, ni nake tafasa ta da hannuna tun suna tsumma. Yau ne zan tsaya a..."

Ya tsaya.

An ce wanzami ba ya son jarfa, amma babu wanda ya yi dariya a ɗakin. Liman ya sunkuyar da kai. Mazan da aka kora saboda jininsu bai da kyau suka tsaya suna kallon tsohon, kowa da abin da yake tunawa: wannan ubansa, wancan matarsa, wani hannunsa da ya miƙa a gindin ɓaure yana yaro. Sarwat ya juya kai a kan matashi ya dubi ubansa, kallon da bai taɓa yi masa ba.

"Tun suna tsumma," Bahiyya ta maimaita. Muryar ba ta da ƙarfi, amma shirun ya kai ta ko'ina. "Sarwat sa'an ƙanina ne. Tare aka haife su, shekarar da aka fara layi."

Hilal ya yi wani gurnani ya yunƙuro, maza uku suka riƙe shi.

"Kada wanda ya taɓa shi," ta ce. Sannan ta dubi nas ɗin. "'Yata, ɗauko sabuwa, ki yage a gabansa yadda ya ce. Ki cika ledar. Yanzu ba sadaka ba ce."

Ta zauna ta kalli jinin yana gangarowa cikin robar har ledar ta kumbura, aka kwantar da ƙanin shi ma ta kalla har ƙarshe. Ba ta ji tausayi ba, kuma ba ta ji kunyar rashin jinsa ba. Da yamma aka rataya mata tata ledar. Kwana kaɗan ƙugin kunnen ya lafa, ta taka daga gado zuwa taga ba ta dafa komai ba, Likita Girgis ya mayar da ita kan magani bayan ya sa Zaglul ya rantse shi zai riƙa ƙirga mata.

A ƙauye kuwa wuta ce ke ci a ƙarƙashin toka. Hilal ya sauko da bindigar ubansu daga rufin ɗaki, ya zauna a zaure yana goge ta ƙofa a buɗe. A ƙasarmu ta kudu kowa ya san inda irin wannan ke kaiwa: a kashe ɗaya, a rama da ɗaya, har jikoki su gaji abin da ba su san mafarinsa ba. Dattawa suka yi ta zirga-zirga tsakanin gidajen biyu, daga ƙarshe suka tsayar da abin da kakanni suka tanada. Fahim zai ɗauko likkafaninsa a hannu biyu, ba takalmi ba rawani, ya tako har ƙofar gidan Abdurradi. Magajin mamaci ya karɓi likkafanin, a yanka rago a madadin mai laifi, daga ranar an binne magana, duk wanda ya sake tayar da ita shi ne abokin gabar gari.

Aka sa rana bayan an sallamo Bahiyya. Tun da hantsi layin ya cika, maza a ƙasa, mata a kan soraye. Rago na ɗaure a bakin ƙofa, mahauci na wasa wuƙa. Bahiyya ta fito ta zauna a dakalin gidanta cikin baƙaƙen kaya, wurin da ba a saba ganin mace ba a irin wannan rana. Dagaci ya harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba.

Fahim ya taho a hankali, kansa fari fat a rana, ƙyallen a kan hannuwansa, Sarwat na biye da shi. Ya tsaya a gaban Zaglul. Liman ya karanta abin da ake karantawa. Zaglul ya miƙa hannu.

"Sauke hannunka," in ji Bahiyya.

"Ummu Zaglul," dagaci ya ce, "wannan ba wurin maganar mata ba ne."

"Ranar da nake zubar da kwano ban ga namiji ya karɓe ni ba, ranka ya daɗe. Wanzami ya faɗa tukuna. A asibiti suɓutar baki ya yi, yau ya faɗa da niyya."

Fahim ya sunkuyar da kai. "Na sani," ya ce. Aka ce ya ɗaga murya. "Na sani! Wani likita ya faɗa mana tun farko, ya ce a tafasa bayan kowane mutum. Layin dogo ne, allurar ɗaya ce. Na ce ba komai. Amma na ji tsoro a kan nawa."

Shekarun da ta yi tana jiran kalmar nan, ta zaci in ta ji ta za ta ji sanyi. Daɗi ta ji, mai zafi, kamar na shayin da ya ƙona harshe, kuma bai ishe ta ba. Jama'a suka numfasa, mahauci ya kama ƙahon ragon, Zaglul ya sake duban uwarsa.

Bahiyya ta miƙe tsaye da ƙafarta. Ta juya ga taron.

"Duk wanda hanta ta ɗauke masa wani a gidansa, ya ɗaga hannu."

Da farko babu wanda ya motsa. Sai wata tsohuwa a kan soro ta ɗaga. Sai Hilal. Sai mahaucin ya saki ƙahon ya ɗaga hannun da ke riƙe da wuƙa. Hannuwa suka yi ta tashi har ƙarshen layi, har da na liman, wanda ya ɗaga nasa yana kallon ƙasa.

"Likkafani nawa ka kawo, wanzami?"

Ya dubi ƙyallen da ke hannunsa.

"Ɗaya. To ni ba zan karɓi rabon gari duka in cinye ni kaɗai ba. Ba za a kashe ka ba. Hilal, ka mayar da bindigar nan inda ka ɗauko ta, ni na ce. Ba kuma za a yanka maka rago ba. Zaglul zai fara magani bayan girbin rake, jininsa zai sauka yadda nawa ya sauka. Ranar ka kawo mana ɗa ya ba da jini. In na wani mai cutar a garin nan ya sauka, ka kawo wani ɗan, kana da su da yawa, ka adana mana su da kyau. Kuma duk ranar da za a huda ɗanka, kai za ka tsaya a kansa ka duba allurar, tunda ka iya. Allah ya ja kwananka, Alhaji. Kada ka yi saurin mutuwa."

Dattawa suka dubi juna. Al'ada ta faɗi yadda ake kawo likkafani da yadda ake karɓarsa, ba ta faɗi yadda ake komawa da shi ba, don ba a taɓa yi ba. Fahim ya tsaya da hannuwa a miƙe, ƙyallen a kansu. Ya waiga ga dagaci, dagaci ya kau da kai. Ya waiga ga ɗansa.

"Sarwat, karɓar min."

Sarwat bai dube shi ba. Ya tako gaban Bahiyya ya rusuna.

"Inna, ba sai an aiko ba. Duk ranar da ake bukata, zan zo da ƙafata."

Ya juya ya ratsa taron ya bi hanyar makaranta. Mahauci ya kwance ragon. Mutane suka dare gida biyu suka buɗe wa tsohon hanya, ya juya da ƙyallen a hannu, ƙafa ba takalmi a kan ƙasa mai zafi, ya kama hanyar gida. Layin dogo ne, kuma babu ƙofar da bai wuce ba.